Kayan ɗiyan nazare: ɗinki, gwanjo ko na kanti?

Uwar gida in yaronki ya kai shekara 3 zuwa 5 ya fara zuwa nazare ko islamiyya, kafin ki duba kyan tufa fara tambaya, zai iya saɓule wandon nan da kanshi in fitsari ya matse shi? Anti guda ce ga yara cike da aji, ba ta da lokacin kwance tazuge ko ɓalle bel. Sai kuma zafi, mu nan Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40, yaro kuma bai san ya zauna inuwa ba.

Ni dai ɗinkin tela nake so wallahi. Ki samu atamfa mai auduga ko yadi mara nauyi, ko ragowar ƙyallen da ya saura daga naki ɗinkin, ki ce ma tela wando mai roba a ƙugu, roba mai faɗi ba siririyar nan mai shata ma yaro ciki ba, riga kuma wuyan ya buɗe yadda kai zai wuce ba kuka. Ba zif, ba duwatsu, ba ƙananan maɓallai da yaro zai ciro ya kai baki ko hanci. Ki ce ya bar kalmasa mai yawa a ƙafa da gefe, in yaro ya ƙara tsawo a warware a sake, kaya ɗaya sai ya yi mishi shekara biyu ya gangara ma ƙaninshi. Mace a yi mata doguwar riga iya ƙwauri da wando a ciki, in ta kai ƙasa taka ta za ta riƙa yi wurin gudu. Hijabi ma ƙarami, kar ya wuce ƙugu. Aibin ɗinki guda ne, alkawarin tela, kar ki kai dab da sallah.

Gwanjo na da rana lokacin hunturu, suwaita da hular sanyi da safa nan za ki samu masu ƙwari, ki dai wanke da ruwan zafi ki shanya ga rana. Jins da 'yan kanti masu walƙiya kuwa na hoton sallah ne, a cire da la'asar.

Inda nake son ki buɗe ido shi ne masu cewa kayansu auduga ce zalla alhali leda ce. Wata mai saidawa a WhatsApp ta turo min seti har da rantsuwa, ga takarda a wuya an rubuta 100%, yarinyata ta sa ta dawo wuya da baya duk ƙurajen zafi, wankin farko kuma jan ya zuba ya ɓata min fararen singileti, da na yi magana ta daina ɗaga waya. Takardar wuya kowa na iya liƙawa. Ki zaro zare ɗaya daga cikin kalmasa ki ƙyasta ashana, auduga za ta ci ta yi warin takarda ta bar toka mai laushi, leda kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga ki ga ko yana zuba. Ki ja ɗinkin tsakanin ƙafafu da hannu biyu, nan yake fara yagewa. Masu gwanjo ma suna cusa sabbin ledan nan masu arha cikin dila su ce fes giredi ne. In mai kaya ya hana ki taɓawa ko ya ce sai kin tura kuɗi kafin ki gani, ki wuce shago na gaba.