Tsaron raga ko wasan gaba: hanyar Rhéaume ko ta Wickenheiser?

Iyaye kan tambaya: yarinya mai fara hokin ƙanƙara (wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara) ta tsare raga kamar Manon Rhéaume, ko ta buga gaba kamar Hayley Wickenheiser?

Kayan gola sun fi tsada, ga manyan makaran ƙafa da kwalkwali mai rufe fuska. Gurbi ma ƙanƙane ne: gola ɗaya a fili, sauran biyar. Yawan durƙusawa yana gajiyar da kwatangwalon gola. Mai gaba kuwa karo ne haɗarinta.

A 1992 Rhéaume ta tsare ragar ƙungiyar Tampa Bay, mace ta farko a wasan share fagen NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. Wickenheiser ta ci wa Kanada zinare 4 a Olamfik, daga 2002 zuwa 2014.

Mai natsuwa da jure laifin ƙwallon da ta shiga, raga ta dace da ita. Mai gudu da son zura ƙwallo, a bar ta gaba.