Hattara da masu sayar da ruwa mai kala da sunan kulant

Direbobi da masu motoci, a kula. Da zafi ya shigo, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, sai ka ga galan-galan na kulant, wato ruwan sanyaya injin mota, jere a bakin titi da ƙofar tasha, kore da ja da shuɗi, ana kiran araha. Da yawansu ruwan rijiya ne ko na burtsatse aka ɗiga wa kala. Wasu ma galan ɗin na kamfanin gaske ne: ana bi gareji-gareji ana sayen wanda aka juye, a cika shi, a liƙe murfin da gam. Mai tallan zai ce maka wannan yana toshe yoyo, kuma in ka zuba ba ka ƙara buɗe bonet. Duka biyun ƙarya ne.

Abin da ya sa cutar take tafiya shi ne ba a ganewa da wuri. Ruwa zalla yana kwashe zafi sosai, don haka a makonnin farko allurar da ke nuna zafin inji tana zaune a inda ta saba, mai mota har yana yaba sayayyarsa. Ɓarnar a ciki take.

Kulant na ƙwarai haɗi ne na ruwa tatacce (wanda aka cire wa gishiri) da sinadarin gilaikol, galibi rabi da rabi, sannan da maganin hana tsatsa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, wannan haɗin sai wajen 107, in kuma murfin lagireto yana riƙe iska yadda ya kamata yana kaiwa 125 ko fiye. Inji kuwa yana aikinsa ne tsakanin 85 da 105, ka ga ratar ba ta da yawa, musamman ga motar haya mai lodi a cikin cunkoso. Ruwan kala ba shi da maganin tsatsa ko kaɗan. Yana cin fikafikan famfon ruwa, yana lalata robar da ke hana famfon zuba, gishirin da ke cikinsa kuma yana daskarewa a siraran bututun lagireto kamar farin da ke kama gindin butar shayi. Daga nan sai ɗan yoyo a bakin tiyo, ɗan tururi ta murfi, ruwa na raguwa kullum, mai motar kuma an ce masa ba sai ya duba ba.

In ruwa ya yi ƙasa, kan inji ne ke fara bushewa, kuma can ne wuta take. Iska ta maye gurbin ruwa, ƙarfen ya yi zafin da ya wuce kima. Kan injin yawancin motocin yanzu alminiyom ne, yana lanƙwasa da wuri. Lanƙwasar da ba ta fi kaurin takarda ba ta isa gasket, wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan inji da jikinsa, ya daina riƙewa. Sai ruwa ya shiga baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara, farin hayaƙi mai kauri ya riƙa fita ta salansa ko da injin ya ɗumama, kumfa ta riƙa tasowa a bakin lagireto. Wanda ya ci gaba da tafiya a haka, baƙin man ya tsinke, fistin ya kumbura ya kama jikin silinda, inji ya buga. Daga kuɗin galan ɗaya an koma neman inji ɗan Kwatano. Garin neman gira an rasa ido.

Wani abu da ke yaudarar har tsofaffin direbobi: na'urar da ke auna zafi a cikin ruwan take. In ruwan ya sauka ƙasa da ita, tururi take aunawa, sai allura ta riƙa hawa da sauka, ko ma ta koma daidai alhali injin yana ƙonewa. In ka kunna hita ka ji iska mai sanyi bayan ka yi tafiya mai nisa, zargi ƙarancin ruwa.

Kala ba shaida ba ce, rini ne kawai. Na Toyota ruwan hoda ne ko ja, na Honda shuɗi, amma kowa yana iya sayen kala a kasuwa. Ga gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki. Tsiyayi kaɗan a ƙaramar roba ka sa a firiza ya kwana. Firizar gida tana kai digiri 18 ƙasa da sifili, haɗin rabi da rabi kuwa ba ya daskarewa sai wajen 37 ƙasa da sifili, saboda haka in ka wayi gari ka tarar da ƙanƙara mai tauri, ruwa ka saya. In wuta ba ta tsayawa, yi amfani da sikeli: lita ɗaya ta ruwa giram 1,000 ce, ta haɗin gaske wajen 1,070. Ko ka ɗiga a cokali ka bar shi a rana. Ruwa zai bushe ya bar busasshiyar kala, gilaikol zai bar danshi mai santsi. Kada a ɗanɗana. Yana da zaƙi amma guba ne mai kashe ƙoda, a nisanta shi da yara da dabbobi.

A yi adalci, akwai kamfanonin da ke yin na ƙasashe masu zafi da ƙarancin gilaikol, amma suna rubuta adadin a jikin galan, da lambar rukuni da adireshi. Wanda babu ko ɗaya, ko murfinsa ya buɗe ba tare da zoben ya tsinke ba, ajiye masa kayansa. SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ce ke karɓar ƙorafi kan jabun kaya. In a gareji za a zuba maka, a buɗe galan ɗin a gabanka, in an juye kuma ka huda shi da wuƙa kafin ka bar wurin.

Wanda ya riga ya zuba jabun, kada ya ɗora mai kyau a kansa. A juye duka injin yana sanyi, a wanke da ruwa tatacce har ya fito fes, a sa bakanike ya matsa iska da famfon gwaji ya nemo yoyo, a duba robar murfi. Ƙaramar mota tana cin lita 5 zuwa 7. Bayan an cika a bar injin yana aiki da hita a kunne har fanka ta tashi, don iskar da ta maƙale ta fita, washegari da safe a sake duba robar ajiya, ruwan ya tsaya tsakanin layin ƙasa da na sama. In bakanike ya ce a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama, don motar ta daina zafi, kada ka yarda, ciwon yana nan.

In kuwa allura ta hau kana kan hanya, kashe AC, kunna hita har ƙarshe, ka sauka gefe ka kashe inji. Jira aƙalla minti 30 kafin ka taɓa murfi, sannan ka rufe shi da tsumma mai kauri ka murɗa a hankali. Kada ka kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, yana iya tsaga shi. In dole ce ruwan leda zai kai ka gari, amma a juye shi cikin makon. Mai neman ruwa tatacce a shagon batir ya tabbatar ba wanda aka haɗa da asid aka miƙo masa ba.