WCAG ko IEC 62366-1: wanne ya dace da manhajar asibiti?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko bin ƙa'idar WCAG kaɗai zai wadatar wajen tsara fuskar manhajar da likitoci da ma'aikatan jinya za su riƙa shigar da magunguna a ciki, ko kuwa sai an haɗa da IEC 62366-1. Kowacce da aikinta, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

WCAG ta ƙungiyar W3C ce mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, sigarta ta 2.2 ta fito a 2023, abin da ta sa a gaba shi ne kowa ya iya gani, ya karanta, ya latsa, har da mai raunin gani. A matakin AA, wato na tsakiya cikin matakanta uku, bambancin haske tsakanin rubutu mai girma na yau da kullum da bangonsa sai ya kai 4.5 zuwa 1, kuma ba a dogara da launi kaɗai wajen yin gargaɗi.

IEC 62366-1 kuwa, wadda ta fito a 2015 domin na'urorin lafiya, ba ruwanta da girman maballi. Tana sa ka ne ka zauna ka zaƙulo duk kuskuren da mai amfani zai iya yi wanda zai cutar da majiyyaci, ka toshe shi a zanen, sannan ka gwada da ma'aikatan da za su yi aikin. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka, a jagorarta ta 2016, ta ba da shawarar aƙalla mutum 15 daga kowane rukunin masu amfani a gwajin ƙarshe.

Ka ɗauki ma'aikaciyar jinya da tsakar dare, ga gajiya, ga marasa lafiya suna jira. Allon ya nuna mata 1.0 mg, idonta ya tsallake ɗigon, ta karanta 10. Rubutun nan ya fito raɗau, ya cika sharaɗin WCAG, amma majiyyaci ya sha magani ninki goma. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Shi ya sa ake rubuta 1 mg ba tare da sifili a baya ba, ake kuma bambanta sunaye masu kama da juna da manyan baƙaƙe, kamar hydrOXYzine da hydrALAZINE.

Ko da manhajarka ba ta shiga sahun na'urorin lafiya a doka ba, ka ari tsarin IEC 62366-1 a allon zaɓen majiyyaci da na adadin magani, ka bi WCAG a kowane allo.