Wa Ya Kamata Ya Duba Maka Gara Kafin Ka Sayi Gida?

Gara daga ciki take cin katako, ta bar fatar waje da fentinta sumul, shi ya sa mutum zai iya zagaya gida sau uku da rana tsaka bai ga komai ba, alhali firam ɗin ƙofar da ya jingina da shi ya riga ya zama holoƙo. Wanda zai sayi gida, ko wanda yake zaune a nasa ya fara zargin wani abu, yana da hanyoyi kamar biyar a gabansa: ya duba da kansa, ya karɓi dubawar kyauta daga kamfanin feshi, ya kira mai na'ura, ya nemi karen da aka horar, ko kuma ya biya mai dubawa mai zaman kansa wanda ba ya sayar da magani. Ni dai na ƙarshen nan nake goyon baya, kuma ba zan ɓoye ba.

Kafin a kwatanta su, ya kamata a san abin da ake nema, domin ba duk ɓarnar katako ce ta gara ba. Garar ƙasa, wadda ta fi kowace yin ɓarna, gidanta yana cikin ƙasa, kuma tana hawowa ta hanyoyin laka masu kaurin fensir da take ginawa a jikin harsashin gini ko bayan bango, tsaguwar da ba ta wuce milimita 1 ba ma ta ishe ta shiga. Garar busasshen katako kuwa ba ta bukatar ƙasa, a cikin katakon take zama, alamarta ita ce 'yan ƙwayoyin kashinta masu kama da yashi da ke taruwa a ƙarƙashin wurin. Akwai ƙwaro mai huda katako, wanda yake barin ƙananan ramuka masu zagaye da gari mai laushi, akwai manyan tururuwa da ke sassaƙe katako su yi gida ba tare da sun ci shi ba, sannan akwai ruɓewar da danshi yake kawowa. Kowanne maganinsa daban, don haka mai dubawar da duk abin da ya gani sunansa gara bai san aikinsa ba.

Dubawa da kai tana da amfani, amma iyakarta gajere ce. Da tocila mai haske da sukundireba za ka iya ƙwanƙwasa firam ɗin ƙofofi da tagogi ka saurari wanda yake ƙara kamar ganga, ka lura da fentin da ya kumbura, ka duba fukafukan da shinge yake zubarwa a bakin taga bayan ruwan sama. Fukafukan gara guda huɗu tsawonsu ɗaya, jikinta kuma ba shi da siririn ƙugu irin na tururuwa. Wannan ya isa ya sa ka fasa sayen gidan da ɓarnarsa ta fito fili, amma bai isa ya tabbatar maka cewa wani gidan lafiya yake ba.

Dubawar kyauta kuwa, a wurina, bai wa kura ajiyar nama ne. Wanda ya zo bai karɓi ko sisi ba, da me za a biya shi in ba da cinikin feshin da zai kawo ba? Ba na cewa duk kamfanonin feshi maƙaryata ne, akwai masu amana a cikinsu, amma tsarin ne ya karkata tun daga tushe.

Masu na'ura suna burge mutane fiye da yadda ya dace. Kyamarar zafi ba ta ganin gara, bambancin zafi da sanyi a fuskar bango kawai take nunawa, kuma bututun da ke yoyo ko rana da ta daki bango za su iya ba da irin wannan hoton. Na'urar Termatrac, wadda aka ƙirƙira a Ostireliya, ta fi ta kusa da abin da ake so tunda motsi take ganowa a bayan katako ko bango, sai dai ita ma sai an san inda za a ɗora ta. Shi kuwa kare, komai ƙarfin hancinsa, ba zai rubuta maka rahoto ba.

Abin da ya sa na tsaya kan mai dubawa mai zaman kansa shi ne abin da ya same ni. Lokacin da zan sayi gidan da nake ciki, dillali ne ya kawo mai dubawa, mutumin bai yi minti 20 ba ya miƙo takarda mai layi biyu cewa babu gara. Watanni kaɗan bayan na tare, na wayi gari na tarar da fukafukai a tagar ɗakin da ke jikin banɗaki. Kamfanin feshin da na fara kira ya ce gidan gaba ɗaya ya kamu, sai an huda daɓe a kowane ɗaki. Sai da na biya wani wanda aikinsa dubawa ce kawai, sannan na ji gaskiya: bututu ne yake yoyo a cikin bango, danshin ya jawo gara ta wannan ɓangaren kaɗai, kuma an kankare hanyoyin lakarta an shafe da sabon fenti tun kafin a nuna mini gidan. Ya nuna mini sawun da farce, a daidai inda na sha wucewa.

Irin wannan mai dubawa ana gane shi ne ta yadda yake ɓata lokaci da kayan jikinsa. Yana shiga cikin silin ya bi katakon rufi ɗaya bayan ɗaya, yana rarrafawa ƙarƙashin gida idan akwai wurin shiga, yana zagaya waje ya duba kututturen itace da tarin katako da duk inda ƙasa ta taɓa itacen gini, ya kuma kalli inda ruwan indararo da na na'urar sanyaya ɗaki yake zuba. Babban makaminsa shi ne na'urar auna danshi, domin katakon da danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100 ya shiga haɗarin ruɓewa, kuma garar ƙasa danshi take bi. Idan yana da kyamarar zafi, to ƙari ce a kan wannan, ba madadinsa ba. Gida matsakaici yakan ɗauke shi awa ɗaya zuwa biyu.

Rahoton da zai rubuta shi ne ainihin abin da ka biya. Ya kamata ya bambanta garar da take raye yanzu da tsohuwar ɓarna, ya faɗi irin ƙwaron, ya haɗa da hotuna da zanen da ke nuna wuraren, ya kuma ambaci alamun feshin da aka taɓa yi, kamar ramukan da aka huda a daɓe aka toshe. Sashen da na fi karantawa da kyau shi ne na wuraren da bai samu shiga ba. A Amurka, takardar NPMA-33 da ake cikawa wajen cinikin gidaje tana da gurbi na musamman don wannan, kuma ba a amfani da ita wajen neman bashin gida idan ta wuce kwana 90. A Ostireliya ma ƙa'idar AS 4349.3 ta tsara yadda ake wannan dubawa, kuma shawarar da ake bayarwa a can ita ce kada a wuce wata 12 ba a sake dubawa ba. Ko a inda babu irin waɗannan dokoki, babu abin da zai hana ka nemi a rubuta maka haka.

Sai batun macuta, wanda ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Kada ka yarda mai sayar da gida ko dillalinsa su zaɓa maka mai dubawa, kuma kada ka karɓi takardar da suka riga suka tanada. Ka yi hattara da sabon fenti a wuri ɗaya kawai, da kabad ko tarin kaya da aka jingina da bango ranar dubawa, da ɗakin da aka ce makullinsa ya ɓata, da ƙofar silin da aka buga wa ƙusa. Ka bi mai dubawa ƙafa da ƙafa, domin akwai wanda yake fito da guntun cinyayyen katako daga aljihunsa ya ce a rufinka ya samo; ka ce ya nuna maka inda ya ɓallo shi. Wanda ya ce sai ka sa hannu yau ko gidan ya rushe, ƙarya yake yi, gara ba ta rushe gida cikin mako guda, kuma kana da lokacin neman ra'ayi na biyu.

Haka nan wajen magani, ka nemi ganin galan ɗin a rufe da sunan sinadarin a jiki, ko fipronil ne, ko imidacloprid, ko bifenthrin, ka kuma tsaya a gauraya shi a gabanka, saboda tsarma magani da ruwa fiye da ƙima tsohuwar dabara ce. Wanda ya yi maka tallar wani tsohon magani mara suna da wai ba ya ƙarewa har abada, ka sallame shi: chlordane, wanda aka san shi da daɗewa a ƙasa, Amurka ta haramta shi tun 1988, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kuma ta sa shi cikin gubobin da aka amince a daina. Garanti ma a karanta shi har ƙarshe, domin da yawa alƙawarin sake feshi kawai suke yi, ba biyan gyaran katakon da ya lalace ba, wasu kuma suna warwarewa da zarar ka tsallake dubawar shekara ɗaya. Lasisin mai dubawa da inshorarsa kuwa, kada ka tsaya kan hoton da ya nuna maka a waya. Ka karɓi lambar ka tuntuɓi hukumar da ta bayar.