Sharhi: Fanel ɗin WPC a bangon talabijin, bayan bazara biyu a Sakkwato

Duk wanda ya leƙa sababbin gidaje a Bado, Arkilla ko Gawon Nama ya ga abin da ake yayi a falo yanzu. Ana lulluɓe bango guda da fanel mai tsaga-tsaga launin katako, a manna falle mai ƙyalli kamar mabul a tsakiya, a rataye talabijin a kai, siririyar fitila kuma tana haskowa ta gefe. Wannan ado ya fara ture takardar bango da allunan 3D da aka yi ta rububi a 'yan shekarun baya. Wanda nake sharhi a kansa ya ga bazara biyu da hunturu biyu a falona. Kayan yana da kyau kuma ya ci kuɗinsa, amma a bango ɗaya kawai, kuma ba da irin liƙin da yawancin masu sawa suke yi masa ba.

WPC haɗi ne na garin katako da roba. Cikinsa rami ne, an lulluɓe fuskarsa da siririyar leda mai zanen itace. Wanda ya fi yawa a kasuwa tsayinsa mita 2.9 ne, faɗinsa wajen santimita 16. Lissafin ba wuya: bango mai faɗin ƙafa 12, wato kusan mita 3.6, zai ci guda 23 idan za a rufe shi gaba ɗaya. Idan an sa fallen mabul a tsaye a tsakiya, wanda faɗinsa mita 1.22 ne, saura mita 2.38 ke nan, guda 15 sun isa. Ka ƙara biyu a kai, kuma ka saye su duka lokaci ɗaya. Launin da aka kira da suna ɗaya yakan bambanta daga wannan kaya zuwa wanda zai zo bayansa, kuma da fitila ta haska bangon ido zai kama bambancin.

A shago ka ɗauki guntu biyu ka gwada. Ka matsa tsagar da babban yatsa. Idan ta lotsa, jikin ya yi siriri. Ka sa farce a gefen ledar ka ga ko za ta ɗago. Mai arha an cika masa garin alli, shi ya sa yake tsagewa a bakin zarto maimakon ya yanku sumul.

Inda aikin yake lalacewa a garin nan shi ne wajen kafawa. Hanyar da ta fi sauri ita ce a zuba gam a bayan fanel a danna shi a bango, a gama falo kafin la'asar. A gari mai sanyi wataƙila a tsira da haka. A Sakkwato, inda zafin Maris zuwa Mayu yake haura digiri 40, daren hunturu kuma ya sauko ƙasa da 20, robar tana miƙewa tana tsukewa. Motsin bai wuce 'yan milimitoci ba a tsawon mita 2.9, amma idan an matse fanel tsakanin tayal da silin babu inda zai je, sai ya yi ciki a tsakiya ya ɓalle daga gam. Na ga haka da idona a guda biyu da ke kusa da taga: sun turo gaba har yatsa na shiga bayansu, kuma da aka cire su gam ɗin ya taho da fenti da hodar sikiridin, wato tun farko a jikin fenti ya kama, ba a jikin filasta ba.

Yadda ya kamata a yi shi ne a kafa sanduna a kwance a jikin bango da fisha (robar da ake cusawa a ramin bango don ta riƙe sukuru) da sukuru, tazarar santimita 40 zuwa 50, sannan a riƙe kowane fanel da 'yan ƙarafan maƙalawa da ake sayarwa tare da shi, ko siririyar ƙusa ta cikin leɓen da na gaba zai rufe. A bar milimita 5 a sama, 5 a ƙasa, a rufe gibin da sikatin. Na farko shi ne uban tafiya, dole a daidaita shi da ma'aunin ruwa, domin idan ya karkace da kaɗan, kafin a kai na goma sha biyar karkatar ta zama abin kallo. Sandunan kuwa gara a yi su da alminiyam ko PVC. Gara ba ta damu da fanel ɗin ba, amma ɗanyen katakon da kafinta zai sa a baya abincinta ne, kuma a ɓoye za ta ci. In katakon ne ya samu, a shafe shi da maganin gara ya bushe kafin a kafa.

A kula da wane bango aka zaɓa. Wanda bayansa ke kallon yamma yana shan rana tun azahar, yana riƙe zafin har dare, shi ne mafi wahala. Wanda ke jingine da banɗaki ko yake jan laima daga ƙasa da damina, kana ganin farin gishiri-gishiri a gindinsa, kada a rufe shi sai an magance ruwan. Fanel ba ya jin ruwa, gaskiya ne, amma yana hana bangon shan iska, sai wari ya biyo baya. Sabon gini ma a bar filasta ta yi aƙalla wata guda.

Fallen mabul ɗin bai burge ni kamar fanel ɗin ba. Kaurinsa milimita 3 ne kacal, don haka duk wani tudu ko kwari na bango yana fitowa a fuskarsa, musamman da dare. Sai an shimfiɗa masa allo mai santsi a baya kafin ya kwanta daidai. Yana kuma saurin karcewa: tsumma mai yashi sau ɗaya ya isa ya bar masa zane. Kuma kada wani ya ce maka fanel ko fallen zai ɗauki talabijin. Ƙarfen ratayewar sai ya ratsa ya shiga bulo da dogayen sukuru. Wayar wuta, ta dish da ta intanet duk a ja su cikin bututu tun kafin a rufe, a ƙara soket ɗaya fiye da abin da ake bukata yau, domin buɗe bangon daga baya yana nufin cire fanel bi da bi tun daga gefe.

Sai ƙura, wadda mai shago ba zai kawo maka zancenta ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kowace tsaga ma'ajiyar hazo ce. Launi mai duhu, irin baƙi ko ruwan gawayi da matasa suka fi so, kwana biyu ya isa ya yi furu-furu. Ruwan zuma ko launin itace mai haske yana ɓoye ta sosai, shi nake ba kowa shawara. Tsumma ba ya shiga tsagar. Abin da ya yi mini aiki shi ne buroshin fenti mai inci biyu, busasshe, a ja daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya a mako, sannan a bi da tsumma mai ɗan laima. Kada a fara da ruwa, ƙurar za ta zama taɓo a kusurwa. Wannan ne dalilin da ya sa ban yarda a zagaye falo duka da shi ba, balle ɗakin mai asma. A tsaye kuma za a jera shi; wanda aka jera a kwance kanta ce aka yi wa ƙura.

Ramukan cikin fanel ɗin ma a toshe su sama da ƙasa da silikon ko murfin gefe, in ba haka ba kyankyaso da tsaka sun samu gida.

Fitilar LED ita ce ta fara mutuwa, kuma ba zaren fitilar ne ya lalace ba, ɗan akwatin da ke sauke wuta zuwa volt 12 ne zafi da hawa da saukar wuta suka ƙona. Masu sawa suna son cusa shi a bayan fanel don kada a gani. A ce musu a'a, a sa shi cikin durowar da ke ƙasan talabijin inda hannu zai kai kuma iska za ta shiga. A sayi wanda ƙarfinsa ya ɗara abin da zaren ke ja da kamar kashi 20 cikin ɗari. Zaren kuma a kwantar da shi cikin kwalbatin alminiyam mai murfi, domin gam ɗin da ke bayansa ba ya kai ƙarshen bazara. Haske mai ɗumi, 3000K, shi ke fito da launin itacen; fari fat na 6500K yana mayar da shi kamar roba.

Abin da ya faranta mini rai shi ne launin fanel ɗin bai koɗe ba a inda rana ba ta bugunsa kai tsaye, hannun yara ba ya barin tabo kamar a fenti, kuma tun da aka sake kafa shi a kan sanduna ko ɗaya bai motsa ba. Guda biyun da suka rage a ajiye su a kwance a ƙasa mai daidai, cikin inuwa. In aka jingina su a tsaye a sito, kafin a bukace su sun lanƙwashe.