GROUP BY ko ROW_NUMBER wajen haɗe layukan da suka maimaitu

Ɗan uwa da ya ce kwastoma ɗaya ya shiga teburinsa na database (ma'ajiyar bayanai a kwamfuta) sau biyu wani ma sau uku, yana so su koma layi ɗaya, wai GROUP BY zai bi ko ROW_NUMBER, duka biyun hanyoyi ne a SQL, yaren da ake ba database umarni da shi, to ga yadda nake kallonsu.

GROUP BY shi ne na gargajiya, ka tara layukan bisa lambar waya, MIN ya riƙe maka mai ƙaramin id (lambar shaidar kowane layi), sauran ka share. Ko tsohuwar manhajar database ta MySQL 5.7 tana ɗaukarsa, sai dai in ka kira teburin da kake sharewa a cikin subquery (SELECT da ke cikin wani umarnin) kai tsaye MySQL za ta watso maka error 1093, dole ka naɗe shi cikin wani SELECT ɗin. Aibinsa makaho ne, id kawai yake gani, ko da sabon layin ne ke ɗauke da adireshin gaskiya babu ruwansa.

ROW_NUMBER kuwa kai ke zaɓar wanda zai tsira, PARTITION BY waya ya ware layukan kowace lambar waya, ORDER BY ranar gyara DESC ya sa sabon gyara a gaba, ya ba su lamba 1, 2, 3, duk wanda lambarsa ta haura 1 ya tafi. PostgreSQL na da shi tun 8.4 a 2009, MySQL sai 8.0, SQLite sai 3.25, su biyun a 2018. Ni dai shi nake bi.

Amma fa malam duka biyun sharewa suke yi, haɗewar aikinka ne. In akwai teburin ciniki da ke nuna id ɗin kwastoman, fara yi masa UPDATE ya koma kan wanda za ka bari, in ba haka ba kuma akwai ON DELETE CASCADE (dokar da ke share duk layin da ke nuna wanda aka share) wallahi cinikin mutumin zai bi shi kabari shiru ba ko sallama. Imel ɗin da ke layi na biyu babu shi a na farko, COALESCE, mai ɗauko na farkon da ba fanko ba, zai kwaso maka kafin ka share.

Sannan ka lura da NULL, wato gurbin da ba a cike ba, dukansu kan tara marasa lambar waya wuri guda kamar mutum ɗaya ne, don haka sa WHERE waya IS NOT NULL. Akasin haka kuma 0803 da +234803 a wajensu mutum biyu ne, gyara wannan tukuna.

Kwafi teburin gefe, buɗe da BEGIN, ƙirga layukan, in lissafi bai yi ba ROLLBACK ya mayar da komai yadda yake a lokacin BEGIN, teburin MyISAM (wani nau'in teburin MySQL) kam ba ya jin ROLLBACK. Ka gama ka ɗora UNIQUE a kan wayar don kada lamba ɗaya ta sake shiga sau biyu.