Kafin Ku Biya Kuɗin Horon Yaro Mai Galahanga

Da zarar likita ya tabbatar cewa yaro yana da lalurar galahanga (autism), sai cibiyoyi su yi ta kiran iyaye, kowace na alkawarin "gyara ƙwaƙwalwa". Gaskiya ne ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ɗaukar koyo a shekarun farko, shi ya sa ake son fara horo da wuri. Sai dai hanyoyin sun sha bamban.

Wadda ta fi daɗewa ita ce ABA, wato hanyar horo ta nazarin ɗabi'ar yaro da gyara ta. A 1987 Ivar Lovaas na jami'ar UCLA a Amurka ya wallafa sakamakon gwajin horon awa 40 a mako, malami ɗaya da yaro ɗaya, ana rarraba kowane aiki daki-daki, in yaro ya yi daidai a ba shi tukwici. Tana taimakawa wajen koyon sa tufafi da shiga banɗaki, amma tana cin kuɗi, kuma wasu da suka girma da ita sun koka cewa an tilasta musu ɓoye halittarsu.

Ita kuwa ESDM, hanyar horon ƙananan yara tun da wuri, cikin wasa ake yin ta. Geraldine Dawson da Sally Rogers sun gwada ta a kan yara 48 masu wata 18 zuwa 30. A rahotonsu na 2010, bayan shekara biyu makin basirar waɗanda aka horar da ita ya ƙaru da kusan 18, na waɗanda ba a horar da ita ba kuma da 7. A 2012 aka auna motsin ƙwaƙwalwarsu, aka ga ta fi amsawa ga fuskar mutum fiye da abin wasa, kamar ta sa'o'insu marasa lalurar. Kada a manta yaran ba su da yawa, don haka duk mai yi muku rantsuwa da wannan sakamako ya wuce gona da iri.

Ni dai PACT, hanyar inganta sadarwa tsakanin iyaye da yaro, ta fi kwanta mini a rai. Tawagar Jonathan Green a Manchester ta Ingila ta horar da iyaye ne: a ɗauki uwa a bidiyo tana wasa da ɗanta, a zauna da ita a nuna mata inda ya neme ta ba ta lura ba. Da yara 152 aka fara, kuma a 2016 aka tarar alamomin lalurar sun yi sauƙi bayan shekara shida.

Wani binciken Rogers na 2021 bai ga bambanci a dunƙule tsakanin awa 15 da awa 25 a mako ba. Saboda haka kada tarin awoyi ya ruɗe ku. Ku tambayi cibiya ko za ta bar ku shiga ɗakin horo, kuma me za ta koya muku ku ci gaba da shi a gida.